Makiyayin da ya bi kura: a kan fim ɗin Red Tails

Ran Asabar da ta wuce mun biya dala goma-goma a wani gidan kallo da ke kusa da tasha nan Matamaye, muka kalli Red Tails, fim ɗin da George Lucas ya zuba wa kuɗinsa, ya fito a 2012. Duk sanda jirgin Jamus ya kama wuta sai ɗaki ya ɗauki ihu. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba. Sai da na koma gida abin ya fara yi mini ƙaiƙayi.

Labarin baƙaƙen matuƙan jiragen yaƙin Amurka ne, waɗanda aka horar a Tuskegi, suka yi yaƙin duniya na biyu daga sansanin Ramitelli a Italiya. An shafa wa wutsiyar jiragensu, ƙirar Mustang, jan fenti. Aikinsu rakiya ne. Manyan jiragen jefa bama-bamai irin B-17 suna da nauyi, ba su iya zulliya, kowanne kuma ɗauke da mutum wajen goma. Ƙananan su ne garkuwarsu. Kwamandansu na gaske, Benjamin Davis, umurninsa ɗaya ne: ku manne wa manyan, kada kowa ya bi abokin gaba don neman suna.

Duk wanda ya taɓa kiwo ya gane zancen. Kura ta leƙo, ka ɗauki sanda ka bi ta daji, kafin ka dawo ƴar'uwarta ta shiga garke. Haka Jamusawa ke yi, su turo kaɗan su janye ƴan rakiya, sauran su auka wa manyan.

To a nan nake da ƙorafi. Da baki fim ɗin ya faɗi wannan umurni, har kanar ɗinsu ya yi jawabi a kansa. Amma kamara fa wa take so? Lightning, wanda David Oyelowo ya fito a matsayinsa, sarkin taurin kai, mai ɓallewa daga jeri ya je ya harbi jirgin ruwa shi kaɗai. Shi aka ba budurwa, shi aka ba mutuwar jarumi. Wanda ya daure sa'o'i cikin sanyi yana gadin fiffiken wani, ba a ba shi ko minti biyar ba. Shi ya sa da muka fito, yaran unguwa duk Lightning suke kwaikwayo.

Abin haushi, gaskiyar ta fi ƙagen daɗi. An daɗe ana cewa ba su taɓa rasa babban jirgi ko ɗaya ba. Masanin tarihi Daniel Haulman ya tona takardun soja ya iske 27 jiragen Jamus suka kakkaɓo musu, adadin da ya gaza matsakaicin abin da sauran rundunonin rakiya da ke wannan fagen suka rasa. Wannan lissafi ya fi mini armashi, don yana nuna mutane ne masu tsoro da gajiya, ba aljanu ba. Harin Balin na 24 ga Maris 1945, inda suka harbo jiragen Jamus masu injin jet guda 3, an nuna shi, amma aikin kwamfuta ya mai da shi kamar wasan gem. Waɗanda bam ke sauka a kansu kuwa, kusan ba a gansu ba.

Wani abu da malaminmu na tarihi a lise bai taɓa faɗa mana ba: yaƙin saman nan ya ratso ta bayan gidanmu. Daga 1940 Ingila kan harhaɗa jirage a Takoradi, su taso su sauka Kano da Maiduguri, su miƙe Hartum har Alƙahira. A wannan tafiya babban jirgin bam ne, Blenheim, ke gaba yana nuna hanya, ƙananan Hurricane na biye da shi kamar ƴan tsaki bayan kaza.

A kalli fim ɗin, ya ci dala goma. Amma in an zo wurin jerin manyan jirage, a ɗan ɗauke ido daga Lightning, a ƙirga su kafin faɗa da bayan faɗa.