Hoto daga sama da hoto daga ƙasa: tsokaci kan hotunan Galmi

Hotunan da ƴan koyo ke ɗauka a Galmi, cikin ƙaramar hukumar Dogarawa, iri biyu ne. Na farko na baƙi ne masu zuwa asibitin mishan na SIM, wanda aka buɗe a 1950: suna zuwa da ƙaramin jirgi, suna ɗaukar ƙasa ta taga. Na biyu na samarin gari ne, da wayar salula: jirgin a filin sauka, garaken albasa, shamuwa bisa sheƙarta gab da damina.

Bai kamata mu auna su da mudu ɗaya ba. Hoton sama yana da tsari, ba shakka: koren fadama, jan fako, titin Ƙonni zuwa Madawa kamar zare. Amma a cikinsa mutum ya ɓace. Saura da burtali da makiyaya duk sun koma fili guda, wanda mai kallo a Turai zai ɗauka ba na kowa ba ne. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da dokar karkara ta 1993 ta ɗora wa mai gona nauyin raya ta. Gonar da aka bari ta huta, jirgi ba ya nuna mai ita.

Hoton ƙasa kuwa sau da yawa a karkace yake, rana ta cinye rabinsa. Duk da haka muna fifita shi, domin mai ɗaukar shamuwa ya san bisa icen gidan wa ta sauka, kuma yakan bar gefen rumbu ya fito cikin hoton.