Gurgun Bakin Ƙofa: Wani Zane Na Rembrandt

Ya ku 'yan makaranta, ga wani zane da ya kamata ku sani. Mai shi Rembrandt, mutumin ƙasar Holan, an haife shi a 1606, ya rasu a 1669. Ya yi wannan aiki a 1659, shekara uku bayan bashi ya karya shi. A kan farantin tagulla ya karce shi da allura, aka shafa tawada, aka buga a takarda.

Labarin daga Littafin Ayyukan Manzanni ne, sura ta 3. Wani gurgu ne tun haihuwa, kullum akan ajiye shi bakin ƙofar Haikali a Urushalima yana bara. Ya roƙi Bitrus da Yohanna sadaka, Bitrus ya kama hannunsa, ya miƙe ya yi tafiya.

To, mai zane ba shi da ikon nuna labari duka, sai ya zaɓi ƙiftawar ido guda. A nan gwaninta take. Rubens, wanda ya zana mu'ujizan waliyyi Ignatiyus wajen 1618, ya zaɓi lokacin hargitsi: masu aljanu na birgima, shaiɗanu na gudu, waliyyi na bisa matakala. Rembrandt kuwa ya tsaya tun abin bai auku ba. Gurgu na zaune a ƙasa, ya ba mu baya, yana jiran kwabo. Bitrus na tsaye a kansa, ya buɗe hannuwa, babu kome ciki. Can nesa ga taro maƙil a farfajiya, hayaƙi na tashi daga wurin hadaya, ba wanda ya kula.

Da ya ɓoye mana fuskar gurgu, sai ya zaunar da mu a bayansa, mu ma muna ɗaga kai muna jira. Wannan dabara ta fi kururuwar Rubens shiga zuciya.

Amma akwai abin zargi. Mayafin Bitrus ya yi nauyi har ya tsaya ƙiƙam kamar ginshiƙi, kuma girman ginin yana janye ido daga mutanen. Wanda bai san labarin ba ya iya zaton sadaka aka hana almajiri.

Saboda haka in malaminku ya ce ku zana labari, kada ku yi garaje. Ku fara tambayar kanku, wane lokaci ne cikinsa ya fi nauyi?