Layin da ke gindin shafi

Ɗauki littafin da ke kusa da kai ka duba can ƙasa. Akwai wani ɗan siririn layi, wanda masu aikin ke kira futa: lambar shafi, sunan littafi a hagu, sunan babi a dama. Ba mai sayen littafi dominsa. Amma ranar da ka ga yana cewa babi na 3 alhali kana tsakiyar na 5, ka san hannun ɗan koyo ne ya tsara.

A wani shagon tsara littattafai a Kano na ga gwanin wannan aiki. Ana gobe za a kai littafi maɗaba'a, mai babi 22, sai ga marubuciyar. "Malam, sunan babi na bakwai bai kwanta mini ba, a canza shi." Ni da ke gefe na ce a raina yau akwai kwanan zaune. Shi ko gezau. "Faɗi sabon, Hajiya." Ya goge tsohon a farkon babin, ya buga sabon, ya gangara ƙasa. Shafi 14, kowanne gindinsa ya riga ya ɗauki sabon suna.

Ba sihiri ba ne, wahalar ce ya sha tun ranar farko. A manhajar InDesign akwai abin da zan kira uwar shafi: duk abin da aka ɗora mata, sai ya fito a jikin 'ya'yanta. Ɗan koyo yakan yi uwa 22, kowane babi da tasa, ya rubuta suna da hannu. Abin yana tafiya, har ranar da aka ce a ɗan ɗaga layin sama, sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Gwani uwa ɗaya ta ishe shi, da wata ta biyu don shafin buɗe babi, inda ba a son maimaita sunan da ke tsaye ƙato a sama. A gindin uwar ba ya rubuta suna. Gurbi yake sakawa mai sauya kansa, dabarar da kamfanin Adobe ya shigo da ita a InDesign CS3 a 2007. Umarninsa kaɗan ne: duba shafin nan, in ka ga rubutu sanye da salon kan babi, kwafo shi, in babu, riƙe na baya. Da ita ake fito da kalmar farko da ta ƙarshe a saman shafin ƙamus. Microsoft Word ma yana da makamanciyarta, StyleRef, sai dai kaɗan ne suka taɓa leƙa ta.

Sharaɗin shi ne ladabi wajen salo. Wanda ya kambama kan babi da hannu, ya ƙara masa kauri da girma kawai, a ido ya yi daidai, amma gurbin ba ya ganinsa. Sai babi na 8 ya yi ta yawo da sunan na 7. Wannan ne ke ba waɗanda suka taso da CorelDRAW wuya, don hannunsu ya saba da katin biki da fosta, inda kowane shafi gashin kansa yake ci.

Gurbin yana da taurin kai guda: ba ya karyewa zuwa layi na biyu. Marubutanmu kuwa akwai son dogon suna, wani ma karin magana ce sukutum. Sai haruffa su cunkushe kamar fasinjoji a motar kasuwa. A nan mutumin nan ya ƙara burge ni. Kalmomi uku na farko kawai yake yi wa wani salo na daban wanda ido ba ya bambancewa, ya ce wa gurbin su kaɗai zai ɗauko.

Sai namu ciwon na Hausa, wato ƙ da ɗ da ɓ. In zanen harafin da aka zaɓa wa futa ba shi da lanƙwasassun nan, ko yana da ƙanana babu manya, sai "Ƙaddara" ta fito da ɗan akwati a madadin Ƙ. Shi ya sa bai yarda da na'ura ɗari bisa ɗari ba. Ya fitar da PDF, ya bi iyakar kowane babi, shafin ƙarshe da na farkon mai bi masa, yana nuni da bayan biro.

Bai kai ga rufe fayil ɗin ba wayarsa ta yi ƙara. Hajiya ce. Wai sunan babi na sha biyun ma a taɓa shi.