Muryar Aro a Faifan The Byrds na 1968

Masu bi na Zangon Kumasi, a ƙasar Gana, sun saba da waƙar karkarar Amurka. Muryar Jim Reeves, wanda ya rasu a hatsarin jirgin sama a 1964, ta daɗe da samun wurin zama a gidajen Kirista na Afirka ta Yamma. Akwai kuwa wani faifai da bai yi suna kamar nasa ba, amma ya cancanci a kasa masa kunne: Sweetheart of the Rodeo, wanda ƙungiyar The Byrds ta fitar a watan Agusta 1968.

Samarin nan makaɗan zamani ne daga Los Angeles. Suka tafi Nashville, cibiyar kiɗan karkara, suka ɗauko goge da banjo, wanda asalinsa ma daga molayen ƙasashenmu ne. Mutanen Nashville ba su yi murna da su ba, faifan kuma bai wuce matsayi na 77 a kasuwar Amurka ba. Daga baya ne aka gane ya buɗe sabuwar hanya.

Cikin waƙoƙinsa 11, biyu ne suka shafi bangaskiya. Ta farko, I Am a Pilgrim, tsohuwar waƙa ce ta matafiyi wanda gidansa yana gaba. Chris Hillman ya rera ta da muryarsa ta kullum, ba ado, ba rangwaɗa, goge yana biye da shi a hankali. Ɗan zango ba ya bukatar tafinta a nan. Zango masaukin fatake ne, na Kumasi kuwa ya bunƙasa da fataken goro da waɗanda suka baro Salaga bayan yaƙin 1892. Bafarafare ko Badagate mai bi, wanda Hausa ce ta haɗa shi da maƙwabcinsa Musulmi, ya san zaman baƙunci tun kafin a karanta masa Ibraniyawa sura 11. Wannan waƙa ta tsaya da ƙafafunta.

Ta biyun, The Christian Life, ta ’yan’uwan Louvin ce, a kan mutumin da abokansa suka guje shi domin ya tuba. Gram Parsons, wanda ya tashi a Jojiya, shi ya fara rera ta. Rigimar kwangila ta sa aka cire muryarsa, Roger McGuinn, ɗan Chicago, ya maye gurbinsa yana kwaikwayon karin harshen mutanen kudu. Nan faifan ya yi tuntuɓe. Kalmomin shaida ne, muryar kuwa ta ɗan wasan kwaikwayo, har mai ji ya rasa ko tuba ake yi ko ba’a. Ƙungiyoyin mawaƙa na ikkilisiya da ke lanƙwasa harshe domin su yi kama da faifan Turawa za su amfana in sun saurari waƙoƙin nan biyu a jere.

Duk da haka, kunne yana auna waƙa ne, zuciya kuwa ta fi ƙarfinsa. A 1990 aka fitar da rerawar Parsons, ta kuwa fi ta McGuinn taɓa rai nesa ba kusa ba. Amma Parsons ɗin nan ƙwaya da giya suka kashe shi a 1973, yana da shekara 26. McGuinn, mai muryar aro, shi ne ya karɓi Almasihu a 1977.