Labarin Dorugu: Abin da Idon Bara ya Gani

Matafiyin da ya bar Takieta ya nufi kudu kan hanyar Matamaye zai ratsa ƙasar Kance. A can ne, a ƙauyen Dambanas, aka haifi Dorugu wajajen 1840. Yana yaro mahara suka kama shi, aka kai shi Zinder, daga nan aka wuce da shi Kukawa ta Barno, inda Bajamushe Adolf Overweg ya ƴanta shi. Da Overweg ya rasu a 1852, sai yaron ya koma hidimar Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim. Tare suka bi ta Zinder da Katsina da Sakkwato, suka shiga Tambutu a 1853, suka isa Ingila a 1855. A can ya ba wani mai wa'azin Kirista, J. F. Schön, labarinsa da baki, aka buga shi cikin littafin Magana Hausa a 1885.

Darajar wannan labari tana ga matsayin mai ba da shi. Barth ya cika juzu'i 5 da sunayen sarakuna da nisan zango da tarihin dauloli, domin daga kan doki yake kallo. Dorugu kuwa yana ƙasa tare da raƙuma da kaya, saboda haka abin da ya riƙe shi ne yunwa da ƙishirwa da fargabar hanya. Da ya kai Turai sai madubin ya juya: Bature ya zama abin kallo, ɗan Damagaram ya zama mai bayani, yana siffanta yadda Ingilishi suke zaman cin abinci kamar yadda su suke siffanta al'adun Afirka. Hausarsa gajerun jimloli ce, ɗaya na bin ɗaya, babu ado, irin ta wanda ya gani da ido.

Sai dai ganau ma yana da iyaka. Dorugu bai kai shekara 20 ba sa'ad da ya yi maganar, kuma bara ba ya shiga inda manya suke shawara. Wanda yake son sanin siyasar da ta sa Shehu Ahmad al-Bakkay ya kare Barth a Tambutu, sai ya koma ga Barth. Haka kuma alƙalamin yana hannun Schön, wanda burinsa shi ne tattara harshen domin aikin mishan. Dole mai karatu ya riƙa tuna wa ake ba labarin.

Dorugu ya rasu a Kano a 1912, bayan ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa. A 1971 Kirk-Greene da Paul Newman suka fitar da labarin da Ingilishi. Abin da ya rage ga malamai da ƙungiyoyin al'adu na Damagaram shi ne su mayar da shi cikin rubutun Hausa na yau, su karanta wa ɗalibai shi gefe da gefe da shafukan Barth, domin yaran Takieta da Kance su ji tafiyar daga bakin ɗan ƙasarsu.