Jinjina ga Masu Shayin Hunturu

Daga Disamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu kan kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta lulluɓe Kano da Maiduguri da Damagaram. Hazo ya hana jirgi sauka, direban tirela ya daina ganin gabansa ya faka a Mararrabar Jos, fasinjoji su kwana a tasha ba da niyya ba. A gida da sauƙi: a rufe ƙofa, a kewaye kaskon garwashi, Kaka ta buɗe bakin tatsuniya. Wanda dare ya yi wa a hanya kuwa, mai shayi ne mai masaukinsa.

Dubi yadda yake sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi, hannu can sama, ɗigo bai zuba ba, ga wainar ƙwai tana ƙamshi a gefe. Bencinsa bai san muƙami ba. Alhaji mai babbar riga ya matsa wa ɗan dako, Bayarabe da Bazabarme su miƙa tafin hannu ga murhu ɗaya, kafin asuba an san garin kowa da abin da ya fito da shi. Almajirin da ke karkarwa ma ba a korarsa daga bakin wuta, sau da yawa har guntun burodi yake samu.

Wasu masu shayin dai suna cika sukari fiye da kima, wannan gaskiya ne. Amma mai karatu, in hazo ya tsare ka a tasha bana, ka biya naka, ka biya na yaron da ke gefenka.