Rawani da Iko: Sharhi a kan Sarkin "Magana Jari Ce"

Duk wanda ya karanta "Magana Jari Ce" na Alhaji Abubakar Imam, wanda littafi na farko ya fito a 1937, ya san Sarki Abdurrahman. Shi ke hukunci, shi ke naɗi, shi ke fita yaƙi da kansa, ba kowa bisansa sai Allah. To, 'yan'uwa ɗalibai, a wace ƙasa aka sami irin wannan sarki a 1937?

Ba dai a ƙasar Katsina ba, inda Imam ya yi koyarwa. Turawa ne suka tuɓe Sarki Yero a 1906, suka ɗora Muhammadu Dikko. Lalle sarki na da 'yan doka da alƙalai da gidan yari, amma Razdan na bisansa, takobin yaƙi kuwa ya koma kube tun 1903. Manomin Maska yakan biya haraji ta hannun dagaci da hakimi, amma farashin audugar da zai sayar ya biya harajin, ba a fada ake yanke shi ba. Turawan da ke gurzar auduga a Funtuwa sun fi fadawa ta cewa.

Littafin bai ce uffan kan wannan ba, kuma ba mamaki, tun da an rubuta shi a Zariya domin makarantu, ƙarƙashin kulawar Dokta East. Duk da haka Imam ya bar mana mabuɗi, watau aku. Sarki na fagen fama, waziri na ƙulla makirci, tsuntsu ne ya tsare ɗan sarki da bakinsa, har daga baya ya zama waziri. Ashe marubucin ya san mai rawani daban, mai juya al'amura daban.

Zamani ya ƙara fito da wannan fili. Gwamnatin Gowon ta karɓe 'yan doka da kotuna daga hannun En'e. A 1976 aka kafa ƙananan hukumomi, a 1978 dokar filaye ta danƙa ƙasa ga gwamna, Balarabe Musa kuma ya soke haraji da jangali bayan hawansa a 1979. A 2020 gwamna ya tuɓe Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II, a 2024 wani gwamnan ya mayar da shi.

Saboda haka ma'aunin iko ba tambari da algaita ba ne, a'a, a tambaya: wa ke iya tuɓe wani? Sarki na da kwarjini, har yau talaka na kai masa kuka, amma hannunsa a ɗaure yake. Marubutanmu na gobe, ga labarin da ke jiranku.